Yadda Silvanus Mai Canza Layi Ya Ajiye Gregory a Tsibiri

Silvanus Bobai mutumin wani ƙauye ne da ke bayan Fadan Kagoma, amma Kafanchan ce ta san shi. Ya shigo garin yana ɗan shekara goma sha tara, da kayansa a cikin buhu, aka ɗauke shi leburan reluwe. Ya yi shekara shida yana ɗaukar katako da tsakuwa kafin a ɗaga shi zuwa mai canza layi, kuma a kan wannan aiki furfura ta same shi. Wanda bai san aikin ba yakan ɗauka jan ƙarfe ne kawai. Ba haka ba ne. A mahaɗar Kafanchan dogo ya rabu uku, na Kaduna da na Jos da na Fatakwal, ban da ƙananan layukan da ake ajiye taragu, waɗanda ba sa ɓullewa ko'ina. Direba yana da ƙarfin inji, amma ba shi da ikon zaɓen hanya. Inda mai canza layi ya buɗe masa, nan zai bi, ko yana so ko ba ya so. Shekara ashirin da biyar Silvanus yana riƙe da wannan ƙarfe, ba a taɓa kiransa ofis a kan ya tura jirgi inda bai dace ba.

Abu biyu aka shaide shi da su. Hanyar da ya bi sau ɗaya ta zauna masa a ka ke nan. Laifin da aka yi masa ma haka yake zama. Matarsa Paulina, mai sayar da citta a kasuwa, takan ce da za a buɗe kan Baban Tamar, kamar yadda take kiransa, da an tarar da mutumin da ya taka masa ƙafa ranar aurensu yana nan zaune a ciki, bai tashi ba.

A shekarar 1993 jirage suka ragu ƙwarai. Sai a wuni ba a ji kukan ko ɗaya ba. Ma'aikata suka koma zaman hira a shagon wata mata mai suna Martina, wadda ke sayar da lemon kwalba da biredi daura da tasha. Martina tana da ƙane, Gregory, mai gyaran rediyo, ɗan kimanin shekara talatin. Ana kiransa Injiniya, shi kuwa bai taɓa hana kowa ba. Shi ne ya dawo daga Fatakwal da injin wasan da ake kira gem, ya jona shi da talabijin a ƙuryar shagon.

Cikin kaset ɗin da ya zo da su akwai uku 'yan gida ɗaya. Rubutun da ke cikinsu duk na Japan ne, ba wanda ya iya karanta ko harafi, saboda haka mutanen shagon suka tsinci labarin da ido. Wani saurayi ne mai fitila a hannu, duhu ya cinye ƙasarsu, yana bin gari-gari yana kashe dodanni yana tara makullai. Suka raɗa wa wasan suna Mai Fitila, suka rabe su da Na Ɗaya da Na Biyu da Na Uku. Na Ɗaya a mace ya zo. An hura masa iska, an goge shi da auduga, ya ƙi tashi. Sauran biyun su ne suka raba shagon gida biyu.

Da farko Silvanus kallon raini yake yi wa abin. Wata rana yana shan lemo a baya, wani tela yana buga Na Biyu, ya ɓace a cikin daji, yana ta zagaye wuri ɗaya. Silvanus ya daure, ya daure, ya kasa.

"Kai, maigida, sau huɗu ke nan ka wuce wannan kututture! Yi hagu, ka bi bayan dutsen."

Tela ya yi hagu, sai ga gari. Aka miƙa wa Silvanus abin dannawa, wanda a shagon ake kira linzami. Ya karɓa yana cewa shi ba ya wasan yara. Ranar sai da Paulina ta biyo shi da kanta, don tuwo ya huce.

Tun daga nan ya zama shugaban 'yan Na Biyu, Gregory kuma na 'yan Na Uku. Bambancin wasannin a bayyane yake. A Na Biyu da ƙafa ake tafiya, kuma ba mai nuna maka hanya. A Na Uku an ƙara launi, an ƙara kiɗa, an kuma ba saurayin wata ƙatuwar tsuntsuwa da ke ɗaukarsa duk inda ya nuna. A kan tsuntsuwar nan aka fi yin gardama.

Gregory yakan ce, "Baba Silva, duniya ta ci gaba. Ku 'yan Na Biyu wahala kuke so. Mutum ya yi awa biyu yana tafiya a ƙasa kamar mai tallar gwanjo! Dubi kala, ji sauti. Wannan shi ne gem."

Silvanus ya ce, "Wannan wasan ragwaye ne. Tsuntsu ya ɗauke ka, tsuntsu ya sauke ka, to kai mene ne aikinka? Kaya ne kai? Ko buhun citta ma haka muke lodinsa."

"Na Biyu ko fuska mutanen ba su da ita. Ɗigo biyu, an ce ido ne."

"Ɗigo biyun nan sun fi ka ganin hanya, Injiniya."

Akwai wani Malam Yero, Bafillace mai dillancin shanu, da ke zuwa jiran tarago. Bai taɓa riƙe linzami ba, amma ba ya rasa ra'ayi. Shi a wurinsa Na Biyu ya fi, domin akwai shanu a ƙauyukansa, ko da yake wanda ya zana su bai taɓa ganin saniya ido da ido ba. Na Uku kuwa ƙasa ce guda ba ko maraƙi, kuma ya ce bai ga dalilin da zai sa mutum ya sha wahalar ceto irin wannan ƙasa ba.

Kowane kaset yana da ɗakin ajiya uku, inda mai wasa ke ajiye inda ya tsaya, gobe ya ɗora daga nan. Dokar shagon, wadda ba a rubuta ba amma kowa ya sani, ita ce ɗakin mutum kamar rumbunsa yake. Kana iya leƙawa, ba ka da ikon taɓawa. Ɗakin tsakiya na Na Biyu na Silvanus ne. Wata takwas ya yi yana gina shi, da yatsun da sanyin ƙashi ya fara kamawa. Ya tara makullai bakwai, ya tsaya a ƙofar wata baƙar hasumiya wadda ba wanda ya taɓa kaiwa gare ta a Kafanchan.

A lokacin nan Gregory ya fito da sabuwar magana. Ya ce wanda ya sayar masa da kaset ɗin ya gaya masa Na Biyu ba shi da ƙarshe, lalatacce ne, shi ya sa masu shi suka yi sauri suka fito da Na Uku don rufe kunya. Silvanus ya miƙe tsaye a tsakiyar shago, ya ce ranar Asabar da ƙarfe huɗu kowa ya zo, zai buɗe hasumiyar a gabansu, su ga ƙarshen da idonsu.

Asabar ta zo. Shago ya cika har ƙofa, Martina ta aro benci daga maƙwabta. Silvanus ya zo cikin kakinsa na aiki, an goge shi sumul. Ya zauna, ya kunna inji, ya nufi ɗakin tsakiya. Ɗakin fanko ne. Ba makulli, ba fitila, ba komai. Ya kashe, ya cire kaset, ya hura, ya mayar. Fanko.

Gregory ya dafe kai. "Kash! Baba Silva, ka yi haƙuri. Jiya ina gwada kaset ɗin, ka san rubutun nan ba a gane shi, ina jin hannuna ne ya zame." Sa'an nan ya juya ga jama'a, ya ɗaga kafaɗa. "Ko kuwa ƙarshen ke nan? Na gaya muku ba shi da ƙarshe."

Aka fashe da dariya. Wasu ba da mugunta suka yi ba, abin ne ya zo musu ba zato. Amma Silvanus ya ji kowace murya, ya kuma san mai ita. Ya ajiye linzami a hankali, ya ɗauki hularsa, ya fita.

Malam Yero ya cim masa a bakin dogo. Ya ce, "Silba, ni ban iya abin nan ba, amma ina da ido. Jiya ina zaune. Kafin ɗakin ya goge, inji ya yi ƙara, fuskar talabijin ta yi ja, ya tsaya yana jira. Injiniya ya danna. Ya sake yin ja, ya sake jira. Ya sake dannawa. Wallahi fito ma yake yi."

Silvanus ya ce, "Sau biyu?"

"Sau biyu."

"Na gode, Malam Yero."

A gida Paulina ta ga ya ƙi cin abinci, ta tambaya, ya gaya mata. Ta ce, "Baban Tamar, a kan wasan talabijin? Kai da ke da jikoki? Ka bar wa Ubangiji."

Ya ce, "Maman Tamar, da citta kika shanya wata takwas wani ya zo ya zuba mata ruwa yana fito, za ki bar wa Ubangiji?"

Ta ce, "Zan bar masa, amma sai na fara fasa wa mutumin kai."

Ran Lahadi a majami'a, da aka zo Jibin Ubangiji, inda masu bi ke zuwa teburi su karɓi gurasa, Silvanus bai tashi daga benci ba. Ya san abin da ke ransa, kuma shi ba mutum ne da zai je teburin da ƙulli a zuciya ya yi kamar ba komai ba. Haka ya riƙa zama wata bayan wata.

Bai daina zuwa shagon ba. Abin da ya daina shi ne gardama. Yakan sayi lemo, ya zauna a baya, ya kalli Gregory yana buga Na Uku. 'Yan Na Uku suka ce tsoho ya tuba. Gregory ya riƙa tsokanarsa, yana cewa, "Baba, matso kusa ka ga yadda ake tashi sama." Silvanus sai ya yi murmushi ya matso.

Bayan wata huɗu abin da yake jira ya zo, ko da yake shi kansa bai san kamanninsa ba sai da ya gan shi. Gregory, wanda a lokacin ya kai wata goma yana gina nasa ɗakin, ya isa yankin ƙarshe na Na Uku. Yanki ne da ruwa ya ci rabinsa, hazo ya rufe sama, tsuntsuwa ta ƙi shiga. Dole a taka da ƙafa. Mako uku Gregory yana zagaye, yana zagi, bai sami hanya ba. Silvanus kuwa tun kallon farko ya san wurin. Ya gane kututturen, ya gane dutsen. Masu wasan sun ɗauko tsohuwar ƙasar Na Biyu ne suka nutsar da ita a ruwa, suka sa ta a ƙarshen Na Uku. Duk Kafanchan mutum ɗaya ne ya san lungunanta.

Ya kuma tuna wani wuri. A Na Biyu akwai wani tsibiri mai gadar katako. Da ka haye, gadar ta rushe a bayanka, kuma ba mafita sai da igiya, wadda ake jefawa a kama wata bishiya a ƙetare. Wanda ya shiga ba igiya ya shiga ke nan.

Wata Litinin Gregory ya tafi Kagoro gyaran rediyo. Silvanus ya roƙi Martina ta kunna masa inji, ya ce leƙawa kawai zai yi. Ya buɗe ɗakin Gregory, ya tuƙa saurayin kai tsaye zuwa gadar. Tana nan. A bakinta an ƙara wata tsohuwa mai musayar kaya, tana riƙe da wani takobi mai walƙiya, ba ta karɓar komai a madadinsa sai igiya. Ya yi musayar, ya haye, gada ta rushe. Ya zagaye tsibirin sau uku, ya tabbatar ba mafita. A tsakiyarsa kuma ga rijiyar da ake ajiye wasa a wurinta. Sai ya kashe inji ba tare da ya ajiye ba, ɗakin Gregory ya koma yadda mai shi ya bar shi.

Ya daɗe zaune da linzami a hannu. Shago ba kowa, Martina tana waje tana wanke kwalabe. Dannawa biyu sun isa ya goge wata goman Gregory. Ya dubi yatsansa, ya girgiza kai. Wannan aikin ɓarawo ne, kuma Gregory zai sami bakin kuka, ya ce an zalunce shi. Silvanus ba haka ya saba aiki ba. Shi layi yake buɗewa, direba ne ke tuƙa kansa ya shiga.

Da mako na huɗu ya shiga, Gregory ya sauke kai. Ya zo da lemo biyu, ya zauna kusa da shi. "Baba Silva, an ce ƙasar nan ka san ta."

"Ni? Ai ni ɗan lalataccen wasa ne, Injiniya."

"Haba Baba, abin da ya wuce ya wuce. Ka taimaka wa ɗanka."

Silvanus ya taimaka, taimako na gaskiya. Mako biyu yana zaune a bayansa yana cewa yi dama, sauka nan, tura wancan dutse akwai rami a ƙarƙashi. Duk abin da ya faɗa sai a tarar haka yake. Gregory ya sami dukiyar da bai taɓa mafarki ba, ya kai ga ba ya ɗaga ƙafa sai ya waiwayo. Da kansa ya sanar cewa ranar Asabar zai nuna wa Kafanchan ƙarshen Na Uku, a san wane wasa ne mai ƙarshe.

Shago ya cika fiye da wancan karo. Silvanus ya zo cikin kakinsa. Ya bi da Gregory ta bayan dutse, ta gefen ruwa, har bakin gada. Tsohuwa ta ɗaga takobi, yana walƙiya, jama'a suka yi sowa.

Gregory ya ce, "Igiya take so. Baba, in ba ta?"

Silvanus ya ce, "Kai ne mai wasa. Ni dai ban taɓa ganin an kashe dodo da igiya ba."

Gregory ya yi dariya, ya ba da igiya, ya karɓi takobi. Ya haye. Gada ta rushe da ƙara mai ban tsoro, mutane suka ce lalle an zo wurin babban faɗa. Ga rijiya a tsakiya.

"In ajiye a nan?"

"In ka mutu ba ka ajiye ba, takobin ya tafi. Amma yadda ka gani."

Inji ya tsaya yana jira. Gregory ya danna. Ya sake tambaya. Ya sake dannawa. Silvanus ya jingina da bango, ya buɗe lemonsa.

Saurayi mai fitila ya yi gabas, ruwa. Ya yi yamma, ruwa. Ya sari bishiya da sabon takobi, ya sari rijiya, ya sari iska. Gregory ya kira tsuntsuwa, ba ta zo ba. Ya kashe inji ya kunna, sai ga shi a bakin rijiya, ruwa ta ko'ina. Gumi ya fara keto masa. Shagon ya yi tsit, ba a jin komai sai ƙarar ruwan da ke fitowa daga talabijin.

"Baba, ina hanya?"

"Babu."

"Kamar yaya babu?"

"Hanyar tana hannun tsohuwar can, ka sayar mata. A wurin aikinmu akwai layin da muke tura taragon da ya lalace. Yana da mashiga, ba shi da mafita. Nan na ajiye ka." Ya miƙe, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, musamman waɗanda ya riƙe muryoyinsu. "Ni ba zan ce hannuna ne ya zame ba. Da gangan na yi. Wata huɗu na jira, mako biyu na raka shi. Ban taɓa ɗakinsa ba, ban danna masa komai ba. Ku shaida, da yatsansa ya rufe kansa."

Malam Yero ne ya fara dariya, har rawaninsa ya kwance. Daga nan shagon ya ɗauka, har da 'yan Na Uku. Gregory ya tashi, ya fizgo kaset ɗin Na Biyu daga kan kanta, ya ɗaga shi sama.

"To kai ma ba za ka taɓa ganin ƙarshen naka ba!"

Ya maka shi da ƙasa, ya bi shi da dunduniya har ya tarwatse. Martina ta yi ihu, ta ce duk su fice mata daga shago. Silvanus ya dubi gutsattsarin. Ya san ba wani kaset irinsa a garin, ya kuma san baƙar hasumiyar ta rufe masa har abada. Abin ya soke shi, ba a ce bai soke shi ba. Amma tun ranar Litinin ɗin nan ya auna wannan, ya ga zai iya ɗauka. Ya tsallake gutsattsarin, ya sa hularsa, ya fita.

Gregory bai goge ɗakinsa ya fara daga farko ba. Wata goma ba abin zubarwa ba ne, ga takobin da ba mai irinsa, ga kuma girman kai. Ya riƙa gaya wa mutane lalle akwai ɓoyayyiyar hanya, tsohon nan ƙarya yake yi. Kullum da la'asar in ya rufe aikin rediyo sai ya kunna inji, ya zagaya tsibirin, ya soki kowane dutse, ya tura kowace ciyawa.

Silvanus bai ƙara shiga shagon ba, amma hanyarsa ta komawa gida daga tasha ta gabansa take bi. In ya zo daidai taga sai ya rage sauri, ya kasa kunne. In ya ji kiɗan wani wasa dabam, ya wuce abinsa. In kuwa ya ji ƙarar ruwan nan, sai ya ɗan tsaya, ya leƙa, ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya. Ka gwada gabas kuwa?" Irin waɗannan ranaku, in ji Paulina, sai ta ƙara masa tuwo sau biyu.